An Sace Bakin Tekun Hajiya Nazeefa

Ranar Litinin da hantsi Hajiya Nazeefa ta dawo daga biki a Kaduna. Ko gida ba ta biya ba, ta ce direba ya wuce da ita bakin dam ta ga yadda ma'aikatanta suka jera laimomi. Ta fito daga mota, ta tsaya, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Laimomin suna nan jingine da katanga. Kujerun roba suna nan a kife bisa juna. Ruwan dam ma yana nan inda ta bar shi. Yashin ne kawai babu. Filin da ta bari fari fat, mai taushi kamar garin tuwo, ya koma jar ƙasa tsirara, an kankare ta tas, wani zakara yana tono a tsakiya.

Tungar Kaɗanya ƙauye ne na masunta da manoman doya a gefen Abuja, kwance a bakin dam. A da in ka ce can za ka, sai a tambaye ka ko lafiya. Amma tun da soja suka koma bariki, kuɗi suka fara yawo a gari, sai kowa ya tuna yana son fili kusa da ruwa. Aka zuba kwalta, aka kafa ƙarfen sabis na salula bayan coci, gonaki suka koma fuloti, katangu suka bi bakin ruwa suna cinye shi kaɗan-kaɗan. Tifa kuwa ta yi yawa a garin har ta zama kamar kaza, ta wuce ta gabanka ba ka ɗaga kai ba.

Hajiya ta yi ritaya tana darakta a wata ma'aikatar tarayya, ƙuruciyar aikinta kuma a Legas ta yi ta. Kullum cewa take Abuja akwai komai, ban da wurin da mutum zai tuɓe takalmi ya taka yashi yana kallon ruwa. Don haka ta zuba abin da ta tara a wannan fili, ta ba wani ɗan kwangila mai suna Justice aikin kawo mata farin yashi, na teku na gaske. Ta kafa allo a ƙofa ta rubuta Bakin Teku. Mutanen gari suka yi dariya har suka gaji, daga baya kwandastoci suka fara kiran sunan a tasha, shi ke nan ya bi garin. Ranar Asabar mai zuwa za a buɗe wurin, an riga an gayyato manya.

Kafin azahar tana zauren Mai Unguwa, kuma ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata kowa ke nan. Ta tuna masa cewa duk masu filin bakin ruwa sun toshe nasu, ita kaɗai ta bar wa masunta lungu a gefen katangarta suna sauka wurin jiragensu. Ta ce in ba a fito da ɓarawon ba zuwa Juma'a, birkila zai toshe lungun da bulo, 'yan sanda kuma su zo su yi aikinsu. Justice yana tsaye a bayanta, waya biyu a hannu, yana girgiza kai don tausayi. Ya ce shi dai ba ya son kiran suna, amma kowa ya ji Saleh shugaban masunta yana cewa a kasuwa ko da cokali ne sai ya kwashe yashin nan. Ya kuma kwantar wa Hajiya da hankali, ya ce yanzu zai buga Legas a loda mata wani, ko da yake kaya sun yi tsada.

Mai Unguwa ya dubi jama'ar da suka cika ƙofar zaure, ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu ranar Lahadi. Kowa ya dubi na kusa da shi. A garin da in kaza ta yi ƙwai sai an san na wane zakara ne, aka rasa mutum ɗaya da ya ga an kwashe fili guda da rana tsaka. Sai Mai Unguwa ya ce a kira Ishaya.

*

Ishaya tsohon maharbi ne, Bagwari, kuma shi ne mai bin sawun garin tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Abuja. Ya taɓa bin ɓarayin shanu har ya iske su suna dafa abinci, ya zauna ya ci tare da su kafin ya gaya musu abin da ya kawo shi. Yanzu daji ya ƙare, aikinsa ya koma neman tumaki da baturan mota. Ranar Lahadin da abin ya faru ba ya gari, ya je gaisuwar rasuwa, don haka shi kaɗai Mai Unguwa ya tabbata idonsa bai ga komai ba.

Ya zo da sandarsa da hular saƙi da ba ya cirewa ko ana zafi, ya zagaya filin a hankali yana magana da kansa. Ya durƙusa, ya shinshina ƙasa, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Ya ce wa Hajiya ba aikin shebur ba ne, katafila mai ɗiba aka kawo, ga sawun haƙoranta, kuma direbanta mai haɗama ne don har ƙasar da ke ƙarƙashi ya haɗa. Tifofi kuma sun yi ta shiga da fita, ɗaya a cikinsu murfin bayanta ba ya rufuwa da kyau.

Hajiya ta ce, "Baba Ishaya, katafila ba allura ba ce. Ta yaya za ta shigo garin nan ba wanda ya gani?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, shi ne ni ma yake ba ni mamaki. Bari in fara da wanda ake biyan shi don ya gani."

James mai gadi ya sha kakinsa har da bel, ya ƙame kamar soja. Ya rantse bai matsa daga get ba tun safe har yamma, ko fitsari a nan bayan allo ya yi. Sai dai wajen ƙarfe nawa ne, shi ma bai sani ba, wani irin barci ya ɗauke shi, barcin da ba na Allah ba, kuma ya tabbata masunta ne suka busa masa wani abu. Ishaya ya saurare shi yana gyaɗa kai, sannan ya sa bakin sanda ya ɗaga ƙafar wandonsa ta dama. Ga ƙuna sabuwa a ƙwauri, zagayayya, irin wadda salansar babur ke yi. Ya tambaye shi ko a cikin barcin ne ya ƙone.

James ya duba ko Hajiya tana kusa, ya rage murya. Ashe duk Lahadi yana aron babur ɗin ƙaninsa ya yi okada, don ranar ce masu zuwa coci a cikin gari ba sa ciniki. Wannan karon har Utako wani fasinja ya ja shi, da ya dawo da yamma ya tarar da filin kamar an yi masa aski. Ya roƙi Ishaya ya rufa masa asiri. Ishaya ya ce zai duba, amma ya daina ɗora wa masunta barcinsa.

*

Tifar da murfinta ba ya rufuwa ta bar farin layi siriri daga get zuwa cikin gari, Ishaya ya bi shi kansa a sunkuye, mutane suna ba shi hanya da sauri fiye da yadda suka saba. A kwanar kasuwa ƙamshi ya tsayar da shi. Barira mai gyaɗa tana zaune gaban kaskonta tana juya gyaɗa a cikin yashi mai zafi, kamar yadda take yi kullum, sai dai yashin suyar gyaɗa baƙi yake zama don tsufa, wannan kuwa fari ne kamar gishiri.

Ya gaishe ta, ya sayi ta cinsa, ya yaba yashin. Barira ba ta ko ɗago ba ta ce na gado ne, mahaifiyarta ta bar mata, tana ajiye da shi a buhu sai yau ta ga dama ta buɗe. Ya ce Allah ya jiƙan tsohuwa, bai san ta taɓa zuwa Legas ba. Ta ce akwai abubuwa da yawa da bai sani ba, ta ƙara masa gyara mai yawa, ta ce ya gaida mata Lydia, ya kuma tambaye ta yaya kajinta. Bai gane abin da ya kawo kajin matarsa cikin zancen ba, ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa Barira.

Daga nan farin layin ya hau kwalta, motoci suka watsa shi. Ishaya ya yi ta kai da kawowa a bakin titi har ya hango sawun taya mai faɗi ya sauka ya shiga gidan bulon Andrew. Nan zuciyarsa ta yi fari. Wa ya fi mai bulo buƙatar yashi? Bai tsaya dogon tunani ba, ya shiga yana buga sanda, ya ce wa Andrew a gaban leburorinsa gara ya faɗi gaskiya tun ana mu biyu. Andrew, wanda dattijon coci ne, ya ajiye shebur, ya kama hannunsa ya kai shi inda tifar ta juye kayanta. Tsakuwa ce, tuli guda. Ya fasa masa bulo ɗaya ya nuna masa cikinsa, yashin rafi ne ja. Sannan ya ce da shi, da murya mai sanyi, ranar Lahadi zai nemi a sa shi a addu'a saboda ido. Leburori suka yi ta dariya har Ishaya ya fita. Abin da bai lura da shi ba sai da ya kai ƙofa shi ne tukwanen furannin matar Andrew, an yi wa kowacce ado da farin yashi a sama.

Ya gangara ta lungun da ake rigima a kansa, ya sami Saleh yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwar jirginsa. Saleh bai musa maganar cokali ba, ya ce ya faɗa, kuma in aka sake ɓata masa rai zai sake faɗa, amma shi ko baro ba shi da shi balle katafila. Ya nuna jiragen da ke ɗaure, ya ce gidaje nawa ne ke ci daga lungun nan, in an toshe shi sai dai su ɗora jirgi a ka su tsallaka katangar wani babban sakatare. Ya mai da hankali kan komarsa.

Ishaya ya tausaya masa, ya juya zai tafi, sai idonsa ya faɗa kan ɗan masallacin masunta, wanda aka kewaye da duwatsu. An share shi, an shimfiɗe shi da farin yashi lallausa, har da sawun goshi a kai.

Saleh ya ce, "Sadaka ce, wani bawan Allah ya kawo."

"Wane bawan Allah?"

"Mai sadaka ba ya son a faɗi sunansa, Ishaya. Ko a cocinku haka ne."

A hanyar gida ya leƙa filin makarantar Lahadi, ya ga yara suna gina gidaje da irin yashin. Ya gan shi a ƙofar mai shayi, an zuba inda ruwa ke kwanciya. Ya gan shi a bokitin kashe gobara na mai sayar da fetur a galan. Bai tsaya a ƙofar Mai Unguwa ba, don yana tsoron abin da zai gani.

*

Ya shiga gida a gajiye, ya zagaya bayan madafa zai wanke ƙafa, sai ya tsaya cak. Kajin Lydia suna birgima a cikin farin yashi, suna watsa shi sama da fukafukai, suna jin daɗin duniya.

Lydia matarsa ce tun suna matasa, 'yar gidan magina tukwane, kuma ba ta taɓa jin tsoron sandarsa ba. Ta fito da muciya a hannu, ta dube shi, ta dubi kajin, ta ce ai kwarkwatar kaji ta dame su. Da ya matsa, sai ta ba shi labarin da gari duka ya ɓoye masa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci wasu mutane masu hular kwano ruwan ɗorawa suka zo da katafila da tifofi. Suka ce Hajiya ce ta aiko, launin yashin bai yi mata ba za a canza. Kuma mutanen kirki ne, duk wanda ya zo kallo sai su ce ya kawo roba ko buhu su cika masa, tunda zubarwa za a yi. Kafin la'asar babu gidan da bai ɗiba ba. Sai da safe, da aka ga fuskar Hajiya, kowa ya gane abin da ya ajiye a bayan ɗakinsa.

Ya tambaye ta ko za ta gane su. Ta ce hular kwano ta rufe rabin fuska, ƙura ta rufe sauran, tifa kuma tifa ce.

Ishaya ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. Ya gane dabarar, kuma a ransa ya yaba wa mai ita: wanda ya cika wa kowa roba ya ɗinke bakin gari ba tare da ya ba kowa ko sisi ba. Amma yabo ba zai kai shi ko'ina ba. In ya faɗi abin da ya gano, gari duka ɓarayi ne, har da matarsa da kajinta, lungu kuma ya tafi. In ya yi shiru, Saleh za a ɗauka, lungun ma ya tafi. Kwanakin da suka rage ya yi ta bin gefen kwalta har kusa da Idu yana neman inda farin layin ya sake sauka, rana ta dake shi, bai samo komai ba sai ciwon baya.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a gindin kaɗanyar da ke ƙofar Bakin Teku. Mai Unguwa yana kan kujerar roba, Hajiya tana gefensa, motar 'yan sanda tana inuwa, birkila kuma ya riga ya jiƙa siminti a bakin lungu. Saleh ya zo da rigarsa ta Juma'a, ya ce in tafiya ce gara ya tafi da tsabta. James yana ta jan ƙafar wandonsa ƙasa.

Ana cikin gaisuwa sai ga tifofi a jere suna hon, Justice a gaba a cikin motarsa, hannu a waje. Ya fito yana share zufa, ya ce bai yi barci ba tun Litinin, amma ya cika alkawari, ga kaya daga teku, ko hutawa direbobi ba su yi ba. Tifa ta farko ta ɗaga baya ta juye tuli fari. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta yi masa godiya, sannan ta juya wajen Ishaya ta ce jama'a suna sauraro.

Ishaya ya miƙe. Ya yi gyaran murya, ya fara da tarihin garin tun daga kakansa, don ya sayi lokaci. Ya yi bayanin katafila, ya yi bayanin murfin tifa, ya maimaita. Da ya ga Hajiya ta duba agogo, sai ya ce yana so ya ga sabon yashin tukuna, don a san irin abin da aka sace. Gaskiyar magana ba wani abu yake nema ba, ƙafarsa ce ta kai shi don ya kauce wa idon mutane. Ya caka sandarsa a cikin tulin. Ta shige sumul. Ya sake cakawa ta ƙasa, sai aka ji ƙwas.

Ya durƙusa ya tona da hannu, ya zaro tsingaro, fasasshen gefen tukunya mai faɗin tafin hannu, da jar ƙasa manne a jikinsa. Ya ƙara tonawa ya zaro wani. Ya goge na farkon da hularsa, wadda ya cire a gaban mutane karo na farko a tarihi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira Lydia ya miƙa mata, ya ce ta gaya wa Hajiya ko wannan aikin wace ƙasa ce.

Lydia ta juya shi a hannunta. Ta ce yumɓun nan na rafin bayan gari ne, zanen bakin da totuwar masara aka yi shi, wannan ƙadangaren kuma mai lanƙwasasshiyar wutsiya, duk ƙasar nan mace ɗaya ce take zana shi haka, mahaifiyarta. Ta nuna filin da aka kankare, ta ce a nan gidansu yake kafin ruwan dam ya kore su zuwa tudu. Ta sake kallon ƙadangaren, ta dubi mijinta ta wutsiyar ido, ta ɗaure tsingaron a bakin zane.

Ishaya ya ce, "Ranki ya daɗe, surukata ko Suleja ba ta taɓa wucewa ba. Ban san yadda tukunyarta ta je Legas ta dawo a tifa ba."

Justice ya yi dariya da ƙarfi, ya ce Baba bai san teku ba ne, teku tana kwaso kaya daga duk duniya, shi da idonsa ya taɓa ganin takalmin Bature a ciki. Hajiya ta bar shi yana dariyarsa. Ta tashi ta tafi wajen direban tifar, ta yi masa sannu da hanya da fara'a, ta ce lallai sun sha wuya, tunda an rufe gadar Lokoja tun ranar Laraba, ta ina suka bi? Direban ya dubi Justice, Justice yana danna waya. Direban ya ce ta gefe suka bi, madam, akwai wata 'yar hanya.

Hajiya ta ce, "Ta gefen kogin Kwara, da tifa. Allah ya yi maka albarka. Ba a rufe gadar ba."

Nan Barira ta ajiye farantin gyaɗarta ta matso. Ta ce ita dai a yi mata duk abin da za a yi, amma wancan da ya lafe a gidan gaba yana ja da hula kan fuska, shi ya cika mata roba ranar Lahadi, har ya ce ta ba shi gyaɗa ta hana, ta gane shi da wushiryarsa. Mai Unguwa ya tambaye ta wace roba. Ta ce irin wadda aka kai gidansa, sai dai tata ƙarama ce. Daga nan bakin gari ya ɓalle. Saleh ya ce shi ne bawan Allahn da ya yi sadaka. Andrew ya ce furanni na matarsa ne amma buhun shi ya ɗauko. Mai shayi ya ɗaga hannu, mai fetur ya ɗaga, har birkilan da aka kawo ya toshe lungu ya ce shi ma an ba shi rabin buhu.

Direban, da ya ga ɗan sanda ya nufo shi, ya faɗi sauran. A bayan wani sito a Idu aka jibge yashin aka rufe da tamfol, yau da safe aka sake lodawa. Hajiya ta tambaye shi tun farko fa, daga ina aka kawo yashin? Ya ce daga wani rafi ne bayan Gwagwalada, tankaɗe shi aka yi. Justice ya ce a bari ya yi bayani, ɗan sanda ya ce akwai wuri mai kyau na bayani, ya karɓi wayoyin biyu.

Hajiya ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallon tulin. Ta ce tun ran farko ta yi ta neman ɓawon kifin teku ko ɗaya a ciki ba ta gani ba, amma ta hana kanta tambaya don tana son abin ya zama gaskiya. Ta dubi taron ɓarayin roba da ke tsaye a gabanta kai a ƙasa, ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ta ce lungu yana nan, amma kowa ya dawo da abin da ya ɗiba. Saleh ya roƙa a bar na masallaci. Andrew ya ce in haka ne yaran makarantar Lahadi ma 'ya'ya ne. Barira ta ce nata ya riga ya yi baƙi. A ƙarshe Hajiya ta ce kowa ya riƙe, amma duk wanda ya ɗiba ya fito da shebur yanzu, don kafin gobe sai an baje filin nan. James ta ce ya ci gaba da gadi, ranar Lahadi kuma ya kawo mata makullin babur ta ajiye masa.

*

Da la'asar sakaliya Ishaya ya koma gida yana taku kamar wanda aka naɗa. Ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya fara ba Lydia labarin yadda tun ranar Litinin ya zargi Justice, yana jiran lokaci ne kawai. Ta bar shi ya gama. Sannan ta kwance bakin zane ta ajiye tsingaron a gabansa.

Ta ce, "Baban Rosemary, ka gane randar nan?"

Ya ce aikin surukarsa dai ne, Allah ya ba ta hutawa.

Ta ce randar aurenta ce, ita kaɗai aka yi wa ƙadangare biyu suna haɗa wutsiya, ga rabin na biyun nan. Ta tuna masa shekarar da yake neman aurenta, yana nuna ƙarfi, ya ce shi zai kai randar rafi a jiƙa ta. Ya dawo hannu wofi, ya ce akuyar maƙwabci ta tunkuɗa ta cikin ruwa, ruwa ya tafi da ita. Har ya kama hannun mahaifinta ya nuna masa sawun akuyar tiryan-tiryan, tsoho yana ta mamakin irin ilimin yaron nan.

"Ruwa ya tafi da ita, ka ce. Ga ta a tudu, a binne, bayan tsohon rumbunmu. An yanka akuyar mutane a kan maganarka, kuma kai aka ba cinya."

Ishaya ya ɗauki tsingaron, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi.  Can ya ce, a hankali, "Akuyar nan dai da ma ba ta da hali."

Lydia ta karɓe abinta ta ɗora a kan taga, inda zai riƙa gani duk safiya. Ta kawo masa tuwo da miya mai yawa, ya laluba ta ko'ina da yatsa, babu nama ko tsoka ɗaya, kuma bai tambaya ba.